Hannun Safi da Shinkafar Kumandan

Shekarar da gero ya bushe a tsaye bai ko fid da kai ba, shekarar da mutanen ƙasar Tasawa suka koma cin 'ya'yan anza masu ɗaci da jar dawar taimako, a ita Safi ta faɗo daga kan aduwa. Ba wasa ya kai ta ba. Ganye ta hau tsinko wa uwarta, don a lokacin abin da akuya ke ci shi mutum ke ci, sai dai shi mutum ya dafa. Reshe ya karye da ita, ta tokare ƙasa da hannun dama, ƙashi ya tafi daga saman gwiwar hannu. Shekarunta bakwai ko kusa da haka.

Uwarta Zara'u ta sungume ta sai gidan Danda maɗori, can bayan kasuwar Urafane. Uban yarinyar, Maharazu, yana Najeriya cin rani, an rufe iyaka da shi a can, ba shi ba labarinshi. Danda ya ja hannun ya miƙe shi sambal, ya yi tofi, ya jera karan dawa ya ɗaure tam, ya ce kada a taɓa sai ya ce. Ni ba zan zagi Danda ba, ya ɗora ƙafafu da yawa a ƙasar nan kuma masu su suna tafiya. Amma gwiwar hannu ba ƙauri ba ce, kuma in ya san haka bai faɗa ba. Ran da aka kwance, ƙashi ya kama, ya kama da kyau ma, sai dai a karkace ya kama. Hannun ya ɗan juya ciki, in Safi ta naɗo shi sai ya tsaya a rabin hanya. Ta sunkuyo da kai, ta miƙo wuya, ta turo baki, duk da haka tsakanin yatsunta da leɓenta da sauran taƙi guda.

"Zai saki da kanshi," in ji Danda. "A riƙa shafa mashi man shanu."

Man shanu fa ya ce, a shekarar da shanun suka mutu a bakin rijiyoyi.

To Zara'u a gidan gandu take zaune, ƙarƙashin Na Allah, yayan mijinta. Da yunwa ta matsa, Na Allah ya kafa doka: tukunya ɗaya za a ɗora a gidan, yara duka su ci a akushi ɗaya, don kada wata uwa ta ɓoye wa nata. Dokar ba ta da laifi, ta ma riƙe gidan. Laifin ya fito ne ran da Safi ta zauna cikin yara, ta ga dama ba ta kai baki, ta sa hagu. Yara suka janye hannuwansu suna kallon zaure.

Na Allah ya fito ya tsaya a kansu. "Hagu ba ta shiga akushin jama'a a gidana. Ko ina yunwa ta kai mu, ba mu zama dabbobi ba."

Zara'u ta durƙusa daga nesa. "Yaya, to a ɗebar mata nata daban."

"In na ɗebar wa ɗiyarki daban, gobe kowace ta zo mani da dalilinta. Ta ci da dama kamar kowa."

Sai yarinya ta yi dabara irin ta mai jin yunwa. Ta yanko da dama, ta sauke a hagu, hagun ta kai baki. Kafin loma ɗaya ta gama wannan zagaye, sauran yaran sun kai gindin akushi suna suɗe yatsu. Su ma ba mugunta ce ba, cikinsu ne ke kuka. Amma babban mutum mai furfura ya zauna a zaure yana kallon ɗiyar ƙanenshi tana ramewa a gabanshi saboda ladabin cin tuwo, wannan kam ni ban san sunan da zan ba shi ba. Zara'u ta koma raba nata kason, ta ja yarinyar bayan rumbun da ba komai cikinshi ta riƙa ba ta a baki. Rabon mutum ɗaya na shekarar yunwa, baki biyu. Su biyun suka riƙa zubewa tare.

A wajen rabon jar dawa a garin Maijirgi Zara'u ta ji labari, wai akwai likitan ƙashi da kan sauka a wani gidan likita, yana gyara yaran da ɗori ya karkace masu. Garin ba sai na faɗi sunanshi ba, masu shi sun san kansu. Na Allah ya ce warware ɗorin Danda cin fuska ne ga Danda. Zara'u ta ce, "Yaya, fuskar Danda tana nan cike, ka dubi ta Safi." Ba ta jira amsa ba. Ta goya yarinyar da ta wuce goyo, ta samu mai amalanken jaki ya rage masu hanya, sauran suka taka.

Likitan sunanshi Hamani, dogo siriri, mutumin yamma, Hausarshi tana ɗingishi amma ana ganewa. Daga babban birni yake zuwa lokaci-lokaci, ya yi 'yan kwanaki yana fiɗa ya koma. Ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi a bakin taga ya nuna wa Zara'u.

"Kin gani nan? Ya haɗe, amma ya kwanta baya, shi ya tokare hannun. Sai mun yanka shi a nan, mu fid da ɗan yanki kamar ɓarin goro, mu tayar da shi daidai, mu soke da ƙarfe siriri, mu naɗe hannun da siminti irin na likita."

"Sake karya shi za ku yi ke nan."

"Karya shi za mu yi. Amma tana barci, ba za ta ji ba."

"Zai kai baki?"

"In Allah ya yarda zai kai."

Sannan ya ja fatar damtsen yarinyar, ya buɗe idonta ya duba ciki, ya girgiza kai. "Amma ba yanzu ba. Ba jini, ba tsoka. In na yanka wannan jikin ba zai warke ba. Sai ta yi ƙiba tukuna."

Zara'u ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba. "Likita, hannun ne ya hana ta ci. Kai kuma ka ce sai ta ci za ka gyara hannun."

Hamani ya saki damtsen yarinyar. Daga nan ya kira majon gidan, babban malamin jinya, wani mai tumbi da ake kira Ƙadri, ya ce a ba su wuri a rumfar yara masu tamowa, a riƙa ba yarinyar kunun madara da mai har ya dawo. Ya kuma gaya wa Zara'u gaskiya. Dawowar da zai yi ita ce ta ƙarshe, don an ce motar da ke kawo shi ba za a sake ba ta esansi ba, wato man mota, bayan haka.

Kafin ya tafi Zara'u ta ga wani abu da ya zauna mata a rai. An kawo wani yaro daga Issawane mai murɗaɗɗiyar ƙafa, an ce kada ya ci komai ranar aiki. Kakarshi ta ga yana kuka, ta ɗan ba shi fura ya kurɓa. Likita ya tambaya, tsohuwa ta faɗi gaskiya, ya cire safar hannu ya ce an fasa. Tsohuwa ta yi roƙo har da birgima. Ya ce mata maganin barci in ya tarar da abinci a ciki, abincin kan dawo ya faɗa huhu, yaro ya mutu a kan tebur, shi kuwa ba zai kashe ɗan mutane saboda fura ba. Suka koma Issawane da ƙafarsu a murɗe, ba a sake ganinsu ba.

Safi kuwa ta sha kunu. Ba mai hana ta hagu a nan, kowa da kofinshi. Kumatu suka fito, gashi ya daina ja, ta fara tsokanar yaran rumfa. Zara'u ita ma tana samun ɗan ƙanzon tukunya in ta wanke wa masu dafuwa, ba ƙoshi ba dai, amma ana tsayuwa. Likita ya dawo, ya ja fatar damtse, ya yi murmushi. Yara sun yi yawa, sai aka sa Safi a ranar ƙarshe, da hantsi, mota kuma za ta tashi da la'asar. Ana gobe aiki, tun da yamma aka rufe mata baki. Zara'u ta zaunar da ita a gabanta ta ce, "Ko ruwa, Safi. Ko wa ya ba ki. Kin ji ni?" Yarinya ta ce ta ji.

Ashe ranar nan ce kumandan, sojan da ke mulkin yankin, zai kawo ziyara. Zamanin soja ne, kuma sojan da suka ce sun karɓi mulki ne don kada kowa ya sake mutuwa da yunwa, saboda haka kalmar yunwa kanta sai a ɓoye ake faɗinta. Tun safe gidan likita ya rikice. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Aka kwashe yaran da haƙarƙarinsu ya fi fitowa aka kai su bayan ɗakin wanki, aka ce wa iyayensu inuwa ta fi a can. Waɗanda suka ɗan murmure aka jera su a tabarmi a gaban baranda, aka ara masu riguna. Majo Ƙadri yana zagayawa da gumi, ya hango Safi zaune tana jiran a kira ta, kumatu luhu-luhu, ya ce a kawo ta layin gaba.

"Majo, aiki za a yi mata," in ji Zara'u. "Likita na gama wanda ke ciki ita zai kira."

"Na sani, ba ni na tsara ba? Zama kawai za ta yi a gan ta. Ita ta fi kyan gani. Ke kuma ki koma baya, kuma kada na ji bakin kowa in ya iso."

Motoci suka iso da ƙura. Kumandan ya sauko, gajere mai kauri, da baƙin tabarau da 'yar sanda a hammata. Bayanshi sojoji, bayansu 'yan samariya, ƙungiyar matasan gwamnati, suna tafi, sai wani mai rediyo da na'ura a rataye, sai mai ɗaukar hoto. Sannan aka sauko da abin da ba wanda ya yi zato: manyan tukwane biyu na shinkafa dafa-duka da naman rago, daga gidan kumandan, kyauta ga yara. Ƙamshin ya cika gidan har bayan ɗakin wanki, inda aka ɓoye waɗanda suka fi kowa bukatarshi. Aka fara zubawa a kwanoni ana ajiye wa kowane yaro a gabanshi.

Yara suka faɗa wa abinci. Safi ta zauna tana kallon nata, maƙogwaronta yana motsi, ta waiwayo tana neman uwarta. Kumandan yana bin layi yana gyaɗa kai, ya zo kanta ya tsaya.

"Wannan fa? Mi ya hana ta ci?"

Zara'u ta dubi majo. Majo yana duban takalminshi. Ta kutsa tsakanin mata ta fito ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, an hana ta ci ne, saboda..."

Ba ta ƙarasa ba. Kumandan ya cire tabarau ya juyo a hankali, muryarshi ba ta tashi ba. "An hana ta ci? Wa ke hana yaro ci a ƙasar nan?"

Tafin samariya ya tsaya cak. Kowa ya san an ɗaure mutane a kan buhun dawa guda. To ga Ƙadri nan tsaye, ya san maganar daga farko har ƙarshe, kalma uku za ta warware ta, ɗakin fiɗa ga shi can ana ganin ƙofarshi. Sai ya buɗe baki ya ce, "Ba wanda ya hana ta, mon kumandan. Baƙauya ce, ba ta gane magana ba. Hannun yarinyar ne ba ya kai baki."

Allah wadaran tsoro. Mutum da karatunshi da farar rigarshi, ya sayar da hannun yarinya don kada a ɗaga mashi gira.

Fuskar kumandan ta saki. Ya ga abin da zai yi kyau a hoto. Ya miƙa wa soja sandarshi, ya tsuguna a gaban Safi, ya ɗauki kwanon, ya ce a kawo cokali. Mai hoto ya matso, mai rediyo ya miƙo na'ura. Ya ɗebo shinkafa da tsokar nama a kai, ya ce, "Buɗe baki, 'yata. Yau ni ne hannunki."

Safi ta datse baki, hawaye na zuba. Amma yarinya ce, tun jiya ba ta ci ba, rabonta da nama tun kafin ta faɗo daga aduwa, ga kuma babban mutum da bindigogi a bayanshi yana ce mata ta buɗe. Zara'u ta ga leɓen ya fara rawa. Ta san in ta sake magana majo zai sake ƙaryata ta. In ta roƙa, za a yi dariya a ce kunya ce. Cokali ɗaya ya shiga, an gama, likita ba zai taɓa ta ba, mota ta tashi da la'asar, su koma akushin Na Allah da hannu a sandare har abada.

Ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta fizge kwanon daga hannun kumandan, cokalin ya yi tsalle ya faɗi a yashi. Ba ta zubar ba, don hannunta ba zai iya zubar da shinkafa a shekarar nan ba, kuma in ta riƙe kawai za a ƙwace a mayar. Sai ta dafe shi a ƙirji ta hau ci. Cike da hannu take turawa, da zafinshi, tana haɗiya ba tauna, mai yana bin haɓarta, a gaban kumandan da sojojinshi da matan unguwa da ɗiyarta.

Wata mata ta ce, "Innalillahi. Abincin ɗiyarta."

Wani soja ya sa mata gindin bindiga a kafaɗa, ta faɗi a gefe, ba ta saki kwanon ba sai da ta kwashe na gindi. Kumandan ya miƙe yana kakkaɓe wandonshi da shinkafa ta ɓata. Ya yi wa mai rediyo alama ya kashe na'ura. Bai yi fushi irin na ihu ba, ƙyama ce a fuskarshi.

"Kun ga irinsu," ya ce wa na bayanshi. "Mu kawo, iyaye su cinye, a ce gwamnati ba ta yi ba. A fitar da ita. Majo, a sake zuba wa yarinyar."

"To, mon kumandan."

Amma sha'awar hoton ta fita daga ran kumandan, ya mayar da tabarau ya wuce duba rijiyar gidan, jama'a suka bi shi. Da Ƙadri ya ga bayanshi, sai jarumtaka ta zo mashi. Ya ɗauki Safi cak ya bi ta bayan baranda ya kai ta ɗakin fiɗa, cikinta wayam kamar yadda likita ke so.

Zara'u ba ta ga wannan ba. Sojoji biyu sun ja ta har bakin ƙofar gida sun wurgar a waje. Ta zauna a gindin katanga cikin rana, kafaɗa na zugi, ba ta san ko an ba yarinyar wani kwano ba. Matan da ke fita suna kallonta. Wata ta tofar da yawu. Wata tsohuwa da suka yi makonni suna wanke tukwane tare, wadda ta san komai, ta wuce ta kau da kai don akwai soja a ƙofa. Labarin kuwa ya riga Zara'u isa gida. Har yau a kasuwar Urafane akwai masu cewa a shekarar fari an yi wata mata da ta ƙwace abinci daga bakin ɗiyarta a gaban hukuma, kuma in suna faɗi sai su girgiza kai su ce yunwa ba ta da kyau. Ba wanda ya taɓa ba da labarin majo.

Sai bayan azahar motocin suka tafi, mai gadi ya bar ta ta shiga. A baranda ta ci karo da Ƙadri.

"An yi aikin," ya ce, yana kallon wani wuri. "Amma kin kusa jawo mana bala'i, baiwar Allah. Kin san wanda kika yi wa haka?"

"Na san shi, majo. Kai ma yau na san ka."

Ta wuce shi. Safi tana kwance a kan gado, hannun dama a naɗe cikin farin siminti tun daga hammata har tafi, an rataye shi a ƙirjinta. Likita Hamani yana haɗa kayanshi. Ya ce ƙashi ya zauna yadda yake so, ya gaya mata lokacin da za a cire ƙarfen da yadda za ta riƙa motsa mata hannun. Bai san abin da ya faru a waje ba, ya dubi kumburin kafaɗarta da man da ya bushe a zanenta, ya so ya tambaya, direba ya danna odar mota.

Da la'asar sakaliya yarinyar ta buɗe ido. Ta yi kakarin amai, ba abin da ya fito. Ta dubi simintin, ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta.

"Inna."

"Ga ni nan."

"Shinkafar nan, da daɗi?"

Zara'u ta gyara mata zane. Ƙamshin naman yana nan a yatsunta, cikinta a cike tim, irin cikar da ta manta akwai ta a duniya, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. Wannan ne ya fi gindin bindigar ci mata rai.

"Ba gishiri," ta ce. "Kwanta."